Rufin asiri ko rufe ƙofa?

A Hausa, in ka ɗauki aikatau ka sa mishi "ma" a gaba da "i" a ƙarshe, ka samu sunan mai sana'a: manomi, maƙeri, maɗinki. Da wanga awo muka ƙera "mashayi", kamar shan giya sana'a ce da mutum ya gada. Muna da "mashaya" kuma, wadda a rubuce take nufin abu biyu, masu shan da wurin shan, karin sauti kaɗai ke raba su. Amma ku nemo mini kalmar wurin da masu son bari suke haɗuwa. Babu. Ni a matsayina na ɗalibin ilimin harshe, wanga giɓi shi ke damuna, don abin da ba shi da suna yana da wuyar tambaya. Saurayi a Maradi ko Damagaram da ke son ya daina, mi zai ce yana nema, kuma wa zai tambaya?

Irin wanga zama yana da tarihi. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, mutum biyu da giya ta ci ƙarfinsu, Bill Wilson da wani lokotoro mai suna Bob Smith, suka lura cewa hira tsakaninsu tana riƙe su daga komawa kwalba. Daga nan aka samu ƙungiyar da masu Faransanci ke kira Alcooliques Anonymes. A 1939 suka fitar da littafinsu mai matakai 12. Dokokin zaman kaɗan ne: ba a biyan kuɗin shiga, sharaɗi ɗaya shi ne son daina sha, sunan farko kawai ake faɗi, kuma abin da aka ji a ɗakin a nan yake kwana. Mai magana yakan faɗi sunansa, sa'annan ya amsa da bakinsa cewa shi mashayi ne.

Nan fa gardamar take. Wani abokina a fada ya ce wannan tonon asirin kai ne. Addini ya hana giya, ya kuma hana mutum ya yi ta shelar laifin da Allah ya rufa mishi. To don mi za ka tara mutane ka kwance wa kanka zani? Maganarsa tana da nauyi. A garuruwanmu suna ɗaya da ya fita yana iya hana ka aure, ya jawo wa ƙannenka gori.

Amsata daga aji na ɗauko ta. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, J. L. Austin, ya nuna cewa magana ba labari kawai take bayarwa ba, aiki take yi. "Na sha jiya" a mashaya alfahari ce. A gaban alƙali amsa laifi ce. A gaban lokotoro neman magani ce, kuma ba wanda ke cewa majinyaci ya tona asirinsa don ya buɗe ciwonsa a asibiti. Ɗakin masu son bari ya fi kusa da na ukun. Ran wanka ba a ɓoyon cibi, amma ai ba a kasuwa ake wankan ba.

Shi ya sa nake ganin muna rikita abu biyu. Akwai rufin asirin da ke kare mutum daga bakin duniya, akwai kuma shirun da ke kare sunan gida, a bar yaro shi kaɗai da kwalbarsa. Na biyun mu muke ji wa tausayi, ba shi ba. Wallahi sau da yawa abin da muke kira sutura kunyarmu ce kawai.

To a aikace fa? Matakin farko asibiti ne, CSI ta kartiye ko babban asibiti, don wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya yanke rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa, farfaɗiya ko ruɗewa, har a rasa rai. A nan kuma zai iya tambayar ma'aikacin lafiya, a keɓe, ko ya san wasu masu irin wannan fama. Mai jin Faransanci yana iya shiga zaman da ake yi ta intanet da wayarsa, ba sai ya nuna fuska ba. In duk ba su samu ba, a tuna cewa mutum biyu ne suka fara.

Mu kuma ba baƙin zama ba ne. Muna da fada: tabarma, butar shayi, mutane guda kullum, lokaci guda. Abin da ta rasa shi ne riƙon amana, don labarin dare kafin azahar ya gama kartiye. Duk wanda abokinsa ya taɓa ce wa "ina son in bari", ya san an ba shi ajiya. Kada ya yi wa'azi, kada ya kai fada. Ya tambaye shi ranar da za su tafi asibiti tare.