Tauraron da Ya Faɗi, Don Wa Ya Faɗi?

Mun taso mun tarar ana cewa duk daren da aka ga tauraro ya tsinke daga sama, ya ja zaren wuta ya ɓace, to wani babban mutum ne ya kwanta dama, ko sarki, ko malami, ko attajiri. Wannan magana ta bi mu har cikin rubuce-rubucenmu, inda za ka ga an jefo tauraro a ƙarshen babi, gari na wayewa sai ga mai shela da labarin rasuwa. Tambayar da muke so mu baza a faifai, 'yan'uwa marubuta, ita ce: ya dace mai alƙalami ya ci gaba da gaskata wannan zance bayan ya san yadda abin yake?

Abin da muke gani ɗin ba tauraro ba ne. Ɓurɓushi ne, galibinsa bai wuce ƙwayar yashi ko tsakuwa ba, wanda tauraro mai wutsiya yakan zubar a kan hanyarsa ta kewaya rana. Ita kuma duniya takan ratsa ta cikin wannan ƙura a lokaci guda kowace shekara, sai ɓurɓushin ya afko cikin iskarmu da gudun tsiya, ya ƙone a nisan kusan kilomita 100 daga ƙasa. Shi ya sa abin yake da kalanda. Akwai zubar farkon Janairu, da ta wajen 22 ga Afrilu, da ta 12 zuwa 13 ga Agusta wadda Turawa ke kira Perseids, da ta tsakiyar Nuwamba, sa'an nan Geminids a 13 zuwa 14 ga Disamba. A 1866 ne wani masani ɗan Italiya, Schiaparelli, ya gano cewa ta Agusta tana bin sawun tauraro mai wutsiya Swift-Tuttle.

To, abin da ake iya faɗin ranar zuwansa tun shekara guda kafin ya zo, yaya za a yi ya zama ɗan aiken mutuwar wane? A dare mai duhu sosai, Geminids takan zubo fiye da 100 cikin awa ɗaya. Sarakuna nawa ke gare mu? A Nuwamban 1833 dubbai suka yi ta zuba a sararin Amurka, mutane da yawa suka ɗauka Alƙiyama ce ta tsaya, amma gari ya waye kowa ya koma gonarsa. Ballantana mu da addini ya riga ya raba mana gardama: ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya kore wannan zato na zamanin jahiliyya, ya bayyana cewa ba don mutuwar wani ko haihuwarsa ake yin wannan jifa ba.

Wani zai ce adabi ba ajin kimiyya ba ne, kuma yana da gaskiyarsa. Tsohuwar da ke cikin labari tana da damar ta ga wutar ta yi salati ta ce an yi rashi, domin haka tsofaffinmu suke faɗa, kuma marubucin da ya sa mata bayanin masana a baki ya yi mata ƙarya. Inda muke ja shi ne idan marubucin da kansa ya tsara labarin yadda sama za ta riƙa yi wa manya makoki. A nan ba camfi kaɗai ya shuka ba. Ya koya wa mai karatu cewa ran mai rawani ya isa ya girgiza sama, alhali manomi da mai tallar fura suna mutuwa kullum ba a ce ko tartsatsi ya faɗo dominsu ba.

Akwai kuma masu tsoron cewa sani yana kashe mamaki. Mu dai ba mu ga alama ba. Tauraro mai wutsiya na Halley ya leƙo a 1986, ba zai dawo ba sai 2061, wanda da yawa daga cikinmu ba za su gani ba. Amma kowane farkon Mayu, da wajen 21 ga Oktoba, ƙurar da ya bari tana ƙonewa a kan rufin ɗakunanmu. Zubar Afrilu kuwa, mutanen Sin sun rubuta ganinta tun shekara ta 687 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan kaɗai ya ishi mai waƙa abin rubutu, ba sai ya kashe sarki ba.

Kallon ba ya buƙatar na'ura, sai dai haƙuri: a shimfiɗa tabarma nesa da fitilun gari, a daren da farin wata bai cika ba, a jira har dare ya raba. A ƙasarmu ta Agusta takan faɗo tsakiyar damina, sau da yawa hadari ya rufe ta. Ta Disamba ta fi sauƙin samu, in dai hazon hunturu bai yi kauri ba, kuma mutum ya tanadi bargo.