Ya Ce Ba Ya Barci, Muka Ce Amin

'Yan'uwana cikin Almasihu, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata na Zumunta, da ku matasa, ina roƙonku ku saurare ni da haƙuri, domin raina a ɓace yake. Akwai wata magana da ta zauna mana a baki har mun daina jin nauyinta, wato cewa Kirista ba ya damuwa. Muna faɗinta a gaban bagade, muna faɗinta a gidan makoki, muna faɗinta a bakin gadon asibiti. Da ita muke sallamar duk wanda ya zo mana da kuka. Wannan magana ta kwantar da wani bawan Allah, kuma tun da labarinsa ya zo kunnena na kasa yin shiru.

Malamin firamare ne da ya yi ritaya, ɗan wata ikkilisiya a bayan garin Kaduna. 'Yan bindiga suka ɗauke ɗansa a hanyar gona. Ya sayar da gonar, ya sayar da babur, matarsa ta roƙi a ba ta kwasar adashi kafin lokacinta, ya bi dangi da maƙwabta yana cin bashi har kuɗin fansa suka cika. Allah cikin jinƙansa ya dawo da yaron da rai. Aka yi sujadar godiya, aka kaɗa ganga, aka taka rawa har gaban bagade, aka ci shinkafa, kowa ya kama hanyar gidansa. Bashi kuwa yana nan inda aka bar shi. Masu bin kuɗi suka riƙa yi masa sallama tun da sassafe.

Wata Laraba a taron addu'a, da aka ce masu buƙata su faɗa, sai mutumin nan ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku yi mini addu'a. Ba na barci. Da na ji ƙarar babur da dare sai gabana ya yi ta faɗuwa har gari ya waye. Abinci ba ya shiga. Tsoro nake ji, ban ma san me nake tsoro ba." Namiji mai furfura, uban 'ya'ya, ya tsaya gaban mata da yara ya faɗi wannan. Duk wanda ya san mazajen ƙasar nan ya san abin da ya haɗiye kafin ya buɗe baki. Sai wani dattijo ya amsa masa: "Malam, ai Kirista ba ya damuwa. Ubangiji ya dawo maka da ɗanka, me kuma kake nema? Wannan rashin godiya ne. Ka ƙara bangaskiya." Jama'a suka ce Amin. Aka wuce zuwa sanarwar gudummawar sababbin kujeru.

Ya daina zuwa majami'a. Ba wanda ya taka ya je gidansa. Kafin kaka ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, jininsa ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ba ta fita sosai. A asibiti matarsa ta ba ni labarin, tana share masa baki da gefen zaninta.

Amin! Mutum ya ce ba ya barci, muka ce Amin. Amin ga me? Ga rashin barcin, ko ga marin da aka yi masa da sunan Allah? Wa ya ba mu ikon auna bangaskiyar mutumin da ya sayar da gonar gado don ya ceci ɗansa, ya kuma dawo majami'a yana neman addu'a? In da ba shi da bangaskiya ai da wurin boka ya nufa. Gidan Ubansa ya zo, 'yan'uwansa ya tunkara, muka rufe masa ƙofa da aya.

To mu buɗe Littafi Mai Tsarkin da muke fakewa da shi. Gaskiya ne, a Matiyu sura 6 Ubangijinmu Yesu ya hana almajiransa ɗaukar alhinin ci da sha da sutura, ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji. Amma da wa yake magana? Da manoma da masunta na Galili, matalauta masu fama da haraji, kuma rarrashinsu yake yi, yana tuna musu cewa suna da Uba wanda ya san buƙatunsu. Shi ɗin nan ne da ya ga taro yana jin yunwa ya ce wa almajiransa su ba su abinci. Shi ne kuma a Getsamani, daren da za a bashe shi, baƙin ciki ya rufe shi har Luka ya kwatanta zufarsa da ɗigon jini. Bai ɓoye ba. Ya ja Bitrus da Yakubu da Yahaya gefe, ya gaya musu halin da ransa ke ciki, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Ɗan Allah da kansa ya nemi abokan zama a daren tashin hankali. Dattijon ranar Laraba zai iya duban Yesu na Getsamani ya ce masa ya ƙara bangaskiya?

Ku duba Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan duk abin da ya faru a Dutsen Karmel, barazanar Yezebel ta sa ya gudu cikin jeji, ya zauna gindin itace ya roƙi mutuwa. Me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, har sau biyu. Sai daga baya, a Horeb, aka yi magana, aka sanar da shi cewa akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Barci, abinci, magana, aboki. Cikin huɗun nan wanne muka ba malamin nan? Hannatu ma da take kuka a Shilo, Eli ya zaci buguwa ta yi, ya tsawata mata, amma da ta yi masa bayani ya saurara, ya sa mata albarka. Mu ko sauraron ba mu yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke yanko Filibiyawa sura 4. Kowa ya haddace wurin da Manzo Bulus ya ce a kai kowace buƙata gaban Allah da addu'a da godiya, salamarsa kuwa za ta tsare zukata. Alkawari ne na gaskiya, na kuma gaskata shi da dukan zuciyata. Amma ku ƙarasa karanta surar mana! Daga kurkuku Bulus ya rubuta ta, kuma a ƙarshenta godiya yake yi wa Filibiyawa saboda taimakon da suka aiko masa ta hannun Abafaroditas, mutumin da ya yi doguwar tafiya har ya yi ciwon da ya kusa kashe shi, don kawai ya kai wa ɗaurarre abin biyan buƙata. Wanda ya ce a daina alhini, an aika masa mutum, an aika masa guzuri. Bulus ɗin nan ne kuma ya gaya wa Korintiyawa cewa kullum damuwar ikkilisiyoyi tana danne shi. Mun riƙe rabin surar da ba ya cin aljihunmu, mun watsar da rabin da ke neman ƙafarmu da kuɗinmu.

Kuma a wane zamani muke wannan taurin zuciya? Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin haya, mudun masara, duk suka bi ta. Iyayen ɗalibai 121 da aka kwashe daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun ranar 5 ga Yuli 2021 sun yi makonni, wasu watanni, suna jiran 'ya'yansu. Akwai iyayen Chibok da tun Afrilun 2014 ba su sake ganin 'ya'yansu mata ba, wasu sun mutu suna jira. Waɗannan mutane a kujerun majami'unmu suke zama. Wanda bai taɓa ƙirga kuɗin fansa da hannu mai rawa ba, ya ji tsoron Allah kafin ya kira ɗan'uwansa marar godiya.

Mu kanmu muna ƙara wa mutane kaya. Yau gudummawar gini, gobe ankon biki, jibi ambulan na godiyar kaka, a kira sunan mai bayarwa da yawan abin da ya bayar a lasifika, talaka ya sunkuyar da kai. Gwauruwa ta ci bashi ta ɗinka anko don kada a ce ta fita daga sahu, ta koma gida ta kwana tana lissafi. Ga kuma masu kiran kansu annabawa, waɗanda suka mai da fargabar jama'a kasuwa. Ka je musu da rashin barci su ce maƙiyi ne a danginku, su sayar maka da mai da ruwa da hankici, su ce ka shuka iri. Ka shiga da tsoro ɗaya ka fito da goma, kana zargin kishiyar uwarka da maƙwabcinka. Kaiton mai cin abinci da hawayen tumakin Almasihu! A ranar Larabar nan ma ai abin da ya biyo bayan kukan malamin kujeru ne. Kujeru! Mutum yana nutsewa a gabanmu, hankalinmu yana kan abin da za mu zauna a kai.

Sai kuma kunyar asibiti. Rashin barci mai tsawo, faɗuwar gaba, ƙin abinci, firgita da ƙaramin motsi bayan mutum ya ga tashin hankali, duk alamu ne da likitoci suka sani, kuma akwai magani da shawara a kansu. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Kware ta jihar Sakkwato, akwai a Maiduguri. Ƙasar ma ta sauya tsohuwar dokar 1958 da ta ɗauki mai irin wannan ciwo a matsayin abin kullewa, aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Mu ne muka tsaya a baya, da an ambaci Barnawa sai a fara raɗa ana cewa wane ya taɓu. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. 'Yan mishan da suka kawo mana bishara da asibiti suka zo, ga Vom, ga Garkida, ga Wusasa, ga Galmi a Nijar. Yaushe shan magani ya zama rashin bangaskiya? Da mutum ɗaya cikin masu cewa Amin ya kama hannun malamin nan ya kai shi an auna jininsa, wataƙila da yau yana tafiya da ƙafafunsa.

Kada wani ya ce ba za a iya ba, domin mun ga an yi. A 2014, lokacin da Boko Haram suka ci Mubi, har hedikwatar ikkilisiyar EYN a Kwarhi ta faɗa hannunsu, dubban mutane suka kwararo Yola. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu harabar babbar majami'ar Saint Theresa, aka ciyar da su, daga baya ya gina musu gidaje, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Talakawa a Yola da Jos suka cusa iyalai biyu uku a ɗakunansu. Su ma ai suna cikin tsoro, su ma ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Amma matar da ta tashi da asuba tana dama kunun mutum ashirin, zullumi bai samun wurin zama a zuciyarta kamar yadda yake samu a zuciyar wanda ya kulle ƙofa yana ƙirga abin da ya rage masa. Haka Allah ya shirya abin. Ƙaunar da ba ta neman sakayya tana sauke nauyin wanda aka yi wa, tana kuma kwance ƙullin zuciyar mai yinta. Da muka ƙi ɗaukar kayan malamin nan, shi muka cuta, kanmu ma muka cuta, shi ya sa majami'unmu suka cika da mutane masu murmushi ranar Lahadi, masu juyi a kan gado sauran dararen mako.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne: manzanni sun keɓe mutum bakwai domin gwauraye a Ayyukan Manzanni sura 6, mu ma a keɓe masu ziyara, a ware wani kaso na baiko domin masu bashin fansa da na asibiti. Zumunta a ƙafa take.

Kai kuma ɗan'uwana, ke 'yar'uwata, da kike kwana ido biyu, ina roƙonki saboda Allah kada ki yarda da ƙaryar cewa tsoronki ya raba ki da Ubangiji. Ki yi addu'a ko da kalmomin sun ƙi fita, ki faɗa masa abin yadda yake, da sunan mai bin bashin da yawan kuɗin, domin Dawuda ma haka ya yi ta kuka cikin Zabura ba tare da ado ba. Ki roƙi abincin yau, ki bar masa gobe. Ki nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri ki gaya masa. Ki je a auna jininki. In kin sami ɗan ƙarfi, ki leƙa wadda ta fi ki shiga uku, ko da gaisuwa ce kawai za ki kai mata.

Ku kuma iyayenmu dattawa, da girmamawa nake faɗa, amma sai na faɗa. An ɗora muku hannu ne domin kiwon garke, kuma za a tambaye ku kowace tunkiya. Kun san wanda ya yi Lahadi uku bai zo ba? Kun san gwauruwar da mai gida ya ba wa wa'adin tashi? Littafin baiko kuna duba shi kowane mako, ba ya kwana ba a daidaita shi ba. Ku buɗe littafin sunayen membobi ku duba shi haka nan, ku raba sunayen a tsakaninku, ku fita tun wannan makon.