Kyanwar da Ƙiba ta Hana ta Gyara Jikinta

Ɗana, in kyanwarka ta fara wari, kada ka yi saurin cewa ta zama ƙazama. Kyanwa ba ta ƙazanta da son ranta. A dabbobin gida babu wadda ta kama ƙafarta wajen tsabta, don takan cinye kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na lokacin da take farke wajen lasar jikinta. Harshenta Allah ya yi masa ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa zuwa baya, da su take taje gashinta, ta kwashe wanda ya mutu, ta baza maiƙon fatarta ko'ina. Dabbar da aka yi mata irin wannan halitta, ranar da ka ga bayanta ya cukurkuɗe, amosani ya yi fari a gindin wutsiyarta, kashi ya bushe a gashin da ke ƙarƙashi, to ka sani ta yi ƙoƙarin kai bakinta wurin ne, tumbi ya tokare ta.

Wa ya ɗora mata tumbin? Kai ne, da ni, da duk mai ganin ƙibar dabba ita ce shaidar kulawa. Kyanwar da muka tashi muka gani a gidajen iyayenmu siririya ce, tana hawa katanga, tana kwana a bakin rumbu tana dakon ɓera. Ta yanzu, musamman a gidajen Kano da Kaduna da Abuja inda ake sayen masu dogon gashi irin na Fasha, a ɗaki take wuni. Kwanonta ba ya rabuwa da abinci, ga fatar kaza, ga kitse, ga madara, ga ragowar shinkafa da mai. In kuma an yi mata aikin hana haihuwa, ko muzuru ne aka fiɗiye, bukatar jikinta ta ragu amma cin bai ragu ba. Yawancin kyanwoyin gida nauyinsu na lafiya tsakanin kilo 3.5 ne zuwa 5. Wadda ya kamata ta tsaya a kilo 4, in ta kai 5, ta ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na jikinta ke nan, alhali likitocin dabbobi tun daga ƙarin kashi 20 cikin ɗari suke kiran abin ƙiba ta cuta. Shafa haƙarƙarinta a hankali. In sai ka danna kafin ka ji ƙashi, in kuma ka dube ta daga sama ba ka ga inda ƙugu ya shiga ba, magana ta ƙare.

Na san kukan da kake yi: ba ta yarda a taɓa ta, da ka ɗauko mataji sai cizo da yakushi. Ina roƙonka ka daina kiran wannan mugunta. Ka taɓa ganin yarinyar da aka yi wa kitso aka ja shi fiye da kima, ko juya wuya ba ta iya yi? Haka gashin da ya dunƙule yake yi wa kyanwa, sai dai nata ba a kwance shi bayan kwana biyu. Kullum ƙara matsewa yake, yana jan fata duk taku ɗaya. A ƙarƙashinsa iska ba ta shiga, fata ta jiƙe, ta yi ja, wani lokaci ta zama gyambo ba ka gani ba. Ga kuma ciwon gaɓoɓi, wanda nauyi ke tsanantawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya duba hotunan ƙashin kyanwoyin da suka haura shekara 12, aka samu alamar lalacewar gaɓoɓi a kashi 90 cikin ɗari. Kyanwa kuwa ɓoye ciwo take yi, ba ta kuka kamar kare. Kai sai ka zo ka damƙe ta a ƙeya, ka ɗaga ta sama da duk wannan nauyin, ka kifar da ita rigingine tumbi ya danne mata numfashi, ka cusa mataji daidai inda ke mata zafi. Kyanwar Lami ce kaɗai za a yi wa haka ba cizo ba yakushi, ita kuwa a karin magana take.

Don haka matakin farko ba na mataji ba ne. Kai ta wurin likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha a manyan garuruwanmu, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. A auna ta, a duba haƙora da gaɓoɓi, a gwada ko ciwon suga ya kama ta, don ƙiba na jawo shi. In ka lura tana yawan shan ruwa da yawan fitsari, faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Idan gashin ya riga ya zama faifai manne da fata, bar shi a hannunsa: a sa mata barci, a aske da injin aski, a wanke, ta farka ba ta san an yi ba. Ko kamun zuwa asibitin ne ya gagara, akwai magani irin gabapentin da likita kan bayar a ba ta kafin a fito don hankalinta ya kwanta. Shi zai faɗi adadi, ba mai kemis na bakin layi ba.

Almakashi da reza, na haɗa ka da Allah ka ajiye su. Fatar kyanwa siririya ce kuma tana miƙewa. Da ka ɗaga dunƙulen gashi, fatar na biyo shi ta shige ciki, ba za ka bambance ta da gashin ba. Yanka ɗaya, sai ɗinki. Kuma kada ka zuba wa dunƙule ruwa da nufin ya yi laushi, ruwa ƙara ɗaure shi yake.

Abin da ya rage a hannunka a gida shi ne aikin kullum, kuma nan ne haƙurinka zai yi amfani. Bar kyanwar a inda take, a ƙasa ko a kan shimfiɗar da ta saba, kada ka ɗauke ta. Zaɓi lokacin da take kwance cikin natsuwa. Ranar farko ajiye matajin kusa da ita kawai, ta sunsuna, ka ba ta ɗan guntun dafaffen nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, ka tashi. Gobe ka shafa mata kumatu da ƙarƙashin haɓa da shi, don nan ne kyanwa ta fi son a taɓa ta. Sau biyu, sau uku, ka ba ta lada, ka bari. A hankali kake gangarowa zuwa wuya, kafaɗa, tsakiyar baya. Gindin wutsiya da ciki su ne na ƙarshe, wataƙila sai bayan makonni. Minti ɗaya kullum ya fi rabin awa na kokawa ranar Asabar, saboda kyanwa ba ta manta wurin da aka tsorata ta, kokawa ɗaya na iya rushe aikin wata guda.

Kuma ka koyi jin maganarta, don ba ta cizo sai ta yi gargaɗi. Wutsiya ta fara bugun ƙasa, fatar baya ta fara motsi, kunnuwa su juya gefe ko su kwanta, ƙwayar ido ta buɗe, ta waiwayo ta ƙura wa hannunka ido. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, janye hannu. Wasu na ganin janyewar nan sangarta dabba ce. Ni ban gan ta haka ba. Kyanwar da ta gane in ta ce a bari ana bari, ita ce gobe za ta ƙyale ka ka daɗe.

Ƙananan dunƙulen da ba su manne da fata ba kana iya warware su. Barbaɗa ɗan garin sitaci, ka riƙe gindin gashin da yatsu biyu yadda jan ba zai kai ga fata ba, ka fara tsefewa daga baki da mataji mai manyan haƙora. Guda ɗaya a rana ya isa. In kana jin tsoron matajin ma take yi, jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ka matse, ka riƙa shafa ta da shi bin kwanciyar gashi. Da yawa sun fi yarda da wannan, don ya fi kama da lasar uwa.

Yanzu ga wurin da mutane ke ƙyama, kuma shi ya fi muhimmanci: ƙarƙashin wutsiya. Duba shi kowace rana. Fitsari in ya zauna a fata yana ƙona ta, kashi kuma yana kiran ƙudaje. A zafin bazara da danshin damina, ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. Wannan ba abin jira zuwa gobe ba ne, in ka ga tsutsa asibiti za ka nufa a lokacin. Don kada a kai can, sa safar hannu, wani ya shagaltar da ita da abin lasa a cokali ta gaba, kai kuma ka goge da auduga da ruwan ɗumi, ka tsane da busasshen tsumma. In kashin ya bushe, ɗora jiƙaƙƙiyar audugar ka bar ta ta jiƙa shi, kada ka fizga. In dole sai an riƙe ta, naɗe ta da tawul, kai a waje, bayan a buɗe, cikinta a ƙasa, ka gama cikin minti ɗaya ko biyu. Ka roƙi likita ya riƙa rage mata gashin wurin lokaci zuwa lokaci, aikin zai yi maka sauƙi ƙwarai.

Akwai kuma fuskar addini, tunda a ɗakinka take yawo. Hadisi ya tabbatar cewa ita kyanwa ba najasa ba ce, sauran ruwan da ta sha ma mai tsarki ne. Amma kashinta da fitsarinta najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma wadda ke ɗauke da su a gashi za ta zauna a kan dardumar sallarka. Korar ta ko kulle ta a bayan gida ba shi ne mafita ba. Ka san labarin matar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wadda ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba saki. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amanarta, har da gogewar da ba ta iya yi wa kanta.

Wanka na gaba ɗaya ba kasafai ake bukatarsa ba, kuma ga mai tsoro ya fi zama azaba. Wanke inda ya ɓaci kawai. Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da ake wankin da su. Dettol da Izal, waɗanda muke ɗauka su ne ƙarshen tsabta, guba ne ga kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa sinadarin da ke cikinsu, kuma duk abin da ka shafa mata sai ta lashe. Kananzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa dabba don ƙuma ko kaska, kada ka kusance su. Maganin ƙuma na kare mai ɗauke da permethrin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Farasitamol kuwa, wanda tausayi zai iya sa ka ba ta don ka ga tana jin ciwo, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ka duba faratanta ma. Mai ƙiba ba ta hawa itace, farce sai ya yi tsawo ya lanƙwasa ya shige tafin ƙafa. Datse ɗan bakin kawai, kada ka kai ga jan da ke ciki. Wurin bayan gidanta ya zama mai faɗi, bakinsa gajere yadda za ta shiga ta juya ba wahala, a kwashe kullum a sauya yashi. Mace mai juna biyu kada ta yi aikin kwashewar nan, saboda ƙwayar cutar toksoplasma da kashin kyanwa kan ɗauka tana iya illata ɗan da ke ciki.

Duk wannan gogewa da tajewa rage zafi ne. Maganin yana cikin kwano. Amma a nan ma akwai rami, kuma masu zafin nama ne ke faɗawa. Kada ka ce za ka sa ta azumi. Kyanwa mai ƙiba in ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse na kwarara zuwa hanta ya toshe ta, idanu da kunnuwa su yi ruwan ɗorawa kamar mai shawara, kuma wannan ciwo yana kisa. Ragewar da ta dace ita ce kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyinta a mako. Ga mai kilo 6, giram 60 ke nan, don haka aikin na watanni ne. Likita ya yanka maka adadin abincin yini, ka auna shi da safe, ka raba kashi uku ko huɗu, ladan da kake ba ta wajen tajewa ma daga cikinsa zai fito. Ita mai cin nama ce, tuwo da shinkafa ba abincinta ba ne, miyar da aka sa wa albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madara kuma gudawa take sa yawancinsu, gudawar da kai za ka goge. Ɗaura gashin kaza a zare ka ja mata a tsakar gida na ’yan mintoci safe da yamma, ka kwance zaren ka ɓoye in an gama don kada ta haɗiye. Sannan ka tara mutanen gida ka yi musu bayani, musamman tsohuwa da yara, don a kowane gida akwai mai miƙa mata loma a ɓoye.

In duk da haka ta cije ka ko ta yakushe ka har jini ya fito, kada ka doke ta, kuma kada ka raina ciwon. Haƙorinta siriri ne, yana kai ƙwayar cuta can ciki bakin ramin ya rufe, hannu na iya kumbura kafin gari ya waye. Wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan ka je asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma, saboda haka tun zuwanku na farko wurin likita ka sa a yi mata rigakafinsa, ka adana katin inda za ka same shi da sauri.