Ina Ya Kamata Mai Gyara Ya Tsaya?

Mai karatu, ga wata tambaya da ya kamata mu duba tare. In tsohon abu ya faɗo hannunka, ka yi niyyar gyaransa, har ina za ka kai? Ka tsaya da zarar ya daina lalacewa, ko kuwa ka ci gaba sai ya koma kamar yau aka sayo shi? Domin mu gane zancen sosai, bari mu ɗauko misali daga nesa, daga wani ɗan abu da tafin hannu ke iya rufewa.

A Japan da Amurka da ƙasashen Turai akwai wasu ƴan motocin wasa da ake tuƙawa daga nesa. Mutum na tsaye da wata ƴar na'ura a hannu, tana aika umurni ta iska kamar yadda gidan rediyo ke aika magana, motar kuwa tana gudu, tana juyawa, tana tsayawa. Da yawa daga cikinsu kashi 1 ne cikin 10 na motar gaske, watau tsawon kowace wajen santimita 40. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan ya fito da motarsa ta fari irin wannan cikin shekara ta 1976. Cikin 1979 ya fito da Sand Scorcher, mai siffar Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru. Kamfanin Kyosho ya kawo Scorpion cikin 1982, sa'an nan Associated Electrics na Kaliforniya ya kawo RC10 cikin 1984. Yaran da suka yi wasa da su a wancan zamani yau sun soma furfura, kuma wasunsu sun koma neman motocin ƙuruciyarsu domin su gyara.

Galibin motocin nan da ƙafafun roba suke zuwa. Wanda ke da hali shi ke sayen ƙafafun alminiyum daban, ya ɗaura musu taya. Alminiyum shi ne farin ƙarfen nan maras nauyi da wasu ke kira sanholo, wanda maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Nauyinsa wajen sulusin na baƙin ƙarfe ne, kuma yana da taushi. Ƙananan masana'antu ne suka ƙera yawancin ƙafafun, ba su yi su da yawa ba, kuma an daɗe da daina yin irinsu. Faɗin kowace bai wuce santimita 5 ko 6 ba.

Alminiyum ba ya jar tsatsa. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata da ke kare shi. Masu ƙira suna iya ƙara wa fatar nan kauri: su tsoma ƙarfen cikin asid irin na batirin mota, su sakar masa lantarki, sa'an nan su rina shi da launin zinariya ko shuɗi ko ja. Duk da haka kaurinta bai kai na silin gashi ba. Bayan shekara 40 tsakuwa ta karce ta, laima ta shiga, farin gari ya fito, ƙarƙashinsa kuwa ƴan ramuka. Inda kusar baƙin ƙarfe ta haɗu da alminiyum cikin laima, alminiyum ɗin ne ke cinyewa, kusar ta kafe.

To, yaya ake gyaran? Da fari a jiƙa kusoshin da mai har su saki, a kwance, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Har nan ba a rasa kome ba sai dauɗa. Daga nan sai a ɗauko takardar guga mai yashi, a jiƙa ta, a fara da mai kaushi lamba 400, a bi da 600 da 1000, har zuwa mai laushi lamba 2000. A ƙarshe a shafa man goge ƙarfe, a murza da tsumma sai ƙafa ta yi ƙyalli kamar madubi. Wanda ke son cire tsohon launi yakan tsoma ta cikin ruwan soda mai ci, irin wadda ake dafa sabulu da ita.

Ka lura da kyau, mai karatu. Baƙin da ke fitowa jikin tsumman nan, ƙarfen ne da kansa. Guga ba ta cike rami. Sauran fuskar ake ragewa har ta yi daidai da gindin ramin. Soda kuma ba ta san iyaka ba: in ta gama da launi sai ta shiga cin ƙarfe, ramukan kusa su buɗe. Kaifin gefe ya dakushe, layukan da injin mai ƙira ya bari su shafe, tambarinsa ma ya tafi in akwai shi. Abin da ya tafi kuwa ba ya komowa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

A kan haka masu sha'awar abin suka rabu biyu. Wasu sun ce mai ƙira sabuwa ya fitar da ita, tana walƙiya, saboda haka wanda ya maida mata walƙiyarta shi ya girmama aikin. Wasu sun ce kowane karce shaida ne na wata tsere da aka yi, wanda ya goge shi ya goge labarin, ya bar ƙafar da ba a san ko ta wa ce ba.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma a ganina akwai bambancin da ya kamata a fara yi, watau tsakanin ciwo da tabo. Ciwo yana ci gaba, tabo kuwa ya tsaya. Farin garin nan ciwo ne, in an bar shi cikin laima zai yi ta ci. Wanda ya ƙyale shi da sunan girmama tsufa, sakaci ya yi. Karcen tsakuwa kuwa tabo ne, ba ya ƙaruwa, ba ya hana ƙafa juyawa. Maganin ciwo tilas ne ga mai gyara. Goge tabo kuwa son ransa ne, kuma da jikin ƙafar ake biyan kuɗinsa.

Za ka ce, ai kayansa ne, ya yi yadda ya ga dama. Gaskiya ne, ba mai kai shi ƙara. Za ka ƙara cewa motar wasa domin gudu aka yi ta, ba domin ajiya ba. Wannan ma haka ne. Sai dai mai son gudu yana da mafita, domin Tamiya ya sake buga Sand Scorcher cikin 2010, Associated kuma ya sake buga RC10 cikin 2013, ga kuma sababbin ƙafafu a kasuwa. Tsohuwar ƙafa ita ce ba ta da madadi. Abin da aka daina yi, wanda ke riƙe da shi yau ya zama kamar mai riƙon amana, domin bayansa akwai wani hannu da zai karɓa. Ko bai ji tsoron kowa ba, ya kyautu ya yi tunani tun kafin ya ɗauki takardar guga.

Saura magana ɗaya wadda ba ta da ɓangare biyu. Ƙafar da ba a taɓa amfani da ita ba ta fi wadda aka gyara tsada nesa. A nan gwanin guga ke shiga jarrabawa, domin gwargwadon ƙwarewarsa gwargwadon sauƙin ruɗin mai saye. In ya goge ya sake rini, ya miƙa ya yi shiru, ko bai furta ƙarya ba ya yi ha'inci, tun da ya san abin da mai saye zai zata. Cikin 1964 masana gyaran tsofaffin gine-gine sun taru a birnin Benis na Italiya, sun amince cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Ƙa'idar da aka yi wa manyan gine-gine ta dace da ƴar ƙafar nan ma.

Saboda haka, mai karatu, ko me ka ɗauka za ka gyara, fara da abin da ba ya rage kome, watau wanki. Tsayar da ɓarnar da ke ci gaba. In za ka wuce nan, tambayi kanka abin da za ka cire, da ko yana komowa. In ka gama, ka faɗa wa wanda zai karɓa abin da ka yi, ko ka rubuta a ƴar takarda ka ajiye tare da kayan. Shi ma in lokacinsa ya zo, zai san daga inda zai ɗora.