Karo-Karon Sallah A Wurin Aiki: Kyauta Ce Ko Haraji?

 

Ya 'yan'uwana samari, musamman ku da Allah Ya ba aikin albashi, malaman makaranta ne ku, ko ma'aikatan ofis, ko na asibiti, daga nan Bebeji har Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ina so mu duba wata al'ada da ta zama jiki a wuraren aikinmu. Da zarar an shiga goman ƙarshe na azumi, ko watan Layya ya tsaya, sai ka ga takarda tana zagayawa, ko kuwa a rubuto a zauren WhatsApp na ma'aikata cewa kowa ya kawo kaza. An yanke, an gama, ba a tambayi kowa ba. Wanda ya biya a sa alama gaban sunansa, wanda bai biya ba a bar sunansa fili kowa yana gani.

Da kaina zan fara, domin ni ma na taɓa faɗawa ciki. Shekarar da na fara koyarwa a wata makaranta, ni aka danƙa wa littafin tara kuɗin, wai malamin addini ba zai ci amana ba. Aka yanka wa kowa kuɗi ɗaya, za a saya wa shugabanmu shadda da rago. Mai gadinmu, dattijo ne, bai kawo nasa ba sai ranar ƙarshe. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, ga nawa, a sa mini alama." Na ce, "Madalla Baba, Allah Ya saka da alheri." Sai bayan Sallah na ji cewa masarar da ya ajiye ta ci ya ɗiba ya kai kasuwa, don kada a ce shi kaɗai ne bai biya ba. Ban ci ko kwabo a cikin kuɗin nan ba, amma har yau ina roƙon Allah gafara, domin da hannuna aka karɓa.

To, me shari'a ta ce? Asali shi ne dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29, Ya kuma sa yarda ta zama sharaɗi ko a ciniki. Idan ciniki, wanda mutum zai ba da kuɗi ya karɓi kaya, bai inganta ba sai da yarda, ina ga kyauta, wadda ba ya karɓar kome? Kada wani ya ce ai ba a doki kowa ba, ba a ƙwace ba. Malamai sun daɗe da bayyana cewa abin da aka karɓa daga mutum a bainar jama'a, ya bayar don kunya ransa bai so ba, ɗan'uwan ƙwace ne. Wannan maganar malamai ce, ba hadisi ba, amma daga asalin nan ta fito. Jerin sunayen da ake liƙawa jikin bango aikinsa ke nan, ya kunyata wanda ba shi da shi har ya nemo.

Sa'an nan mu zo ga maganar adalci. Masu tara kuɗi su kan ce, ai mun yi adalci, kowa daidai wa daida. Bari mu yi lissafi. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, bayan ya zauna a 30,000 tun 2019, Jihar Kano kuwa ta sa nata 71,000. Mu ɗauka, a misali, an yanka wa kowa naira 5,000. Ga mai ɗaukar 71,000, an cire masa kusan kashi 7 cikin 100 na abin da zai ci da iyalinsa wata guda. Ga babban ma'aikaci mai ɗaukar 300,000, abin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ka ga lambar ɗaya ce, nauyin ya sha bamban. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ƙaramin ma'aikacin da ke hawa mota ko babur zuwa aiki kullum ya san inda albashinsa ke ƙarewa. Allah kuwa, da Ya yi maganar ciyarwa a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, bai yanka wa mawadaci da matalauci abu ɗaya ba, kowa gwargwadon abin da aka hore masa. Mu ne za mu fi Allah sanin adalci?

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk karo-karo haramun ne ba. Iri uku ne, kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne watanda. Ma'aikata goma su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa kashi goma. A nan biya daidai wa daida shi ne adalci, domin kowa naman kuɗinsa zai ɗauka. Tarayya ce, halas ce, Imamu Buhari ma ya buɗe babin tarayya a littafinsa da maganar matafiya masu haɗa guzuri. Sharaɗi dai shi ne wanda ya so ya shiga, wanda bai iya ba a ƙyale shi ba gori, wanda ya iya rabin kaso a yarda masa ya haɗa da wani. Masu rabo kuma su ji tsoron Allah, kada a ware hanta da tsoka mai kyau a ce na oga ne, a tura wa masinja ƙashi, alhali kuɗinsu ɗaya.

Na biyu shi ne gudummawa ga mabukaci a cikinmu, kamar mai shara da aka yi wa haihuwa, ko leburan da ke jinyar uwarsa, ko iyalin abokin aikin da ya rasu. Wannan shi ne karo-karon da ya fi kowanne lada. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'arawa, mutanen Abu Musa, saboda in abinci ya yi musu ƙaranci su kan tara abin da ke hannun kowa wuri ɗaya, su raba daidai. Ka lura da kyau, ɗan'uwa. A wurin rabo ne suka daidaita, a wurin kawowa kuwa kowa abin da ya ke da shi ya kawo. Mu mun juya abin, mun daidaita wurin karɓa, sa'an nan mun kwashe duka mun kai wa mutum ɗaya, wanda ya fi kowa albashi.

Shi ne na uku, watau gaisuwar shugaba, kuma nan haɗarin ya ke. Wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi faɗa a kan haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Shugabanka shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka, shi ke da ta cewa in za a yi canjin wurin aiki, ya bar ka kusa da gida ko ya tura ka ƙauyen da ke bayan dajin Falgore. Kyauta ga mai irin wannan iko a kanka ba ta rabuwa da tsoro ko kwaɗayi. Ba kuma sabon ciwo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwa da kuɗin salla cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. Sama da shekara 200 ke nan, ga shi mun dawo da abin da hannunmu, mun sa masa suna zumunci.

Wani zai ce, Malam, shugabanmu mutumin kirki ne, don Allah mu ke son sa. To, gwada kanka da ma'aunin hadisin nan. Wanda ya riƙe kujerar kafin shi, ya yi ritaya yana zaune a gida, nawa kuka kai masa bara? In ba ku kai ba, kujera kuke gaisarwa. Ku bari sai ya sauka, ba ya iya amfanar ku ko cutar da ku da biro, sa'an nan ku kai masa abin da kuka ga dama. Wani kuma zai ce, in aka bar wa kowa zaɓi, kuɗin ba za su taru ba. Wannan magana ita da kanta shaida ce cewa da ma ba da son rai ake bayarwa ba. Kaɗan mai albarka ya fi mai yawa da hawayen wani a ciki.

Mu mutanen Bebeji muna da Tiga a gabanmu, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ana tara ruwa a sama ne domin ya gangara gonakin Kadawa, ba wanda ya taɓa ganin an kwashi ruwan manomi an mayar cikin dam. Haka Manzon Allah ya umarci Mu'azu da zai tura shi Yaman, a karɓi zakka daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Alherin Sallah ma gangarowa ya kamata ya yi.

Saboda haka, idan aka danƙa maka littafin bana, ga abin da za ka yi. A faɗi abin da za a yi da kuɗin tun farko. Kada a yanka wa kowa adadi, kada kuma a cire daga albashin mutum sai da izininsa. Mutum biyu amintattu su riƙe lissafi, a sanar da jimla da yadda aka kashe, sunaye kuwa a rufe. Ƙananan ma'aikata a sa su cikin masu karɓa. In kai ne shugaba, ka riga su magana, ka ce ba ka so, a kai wa mai gadi. In kuwa kai ƙarami ne, ba ka da halin hanawa, ka faɗi gaskiya cikin ladabi a wurin taro, ba da zagi ko raina manya ba. Za ka tarar mutum biyar suna bayanka, da ma jira su ke wani ya fara.

Allah Ya tsarkake mana abin da mu ke ci da abin da mu ke bayarwa, Ya yafe mana haƙƙin bayinsa da muka ɗauka da sani ko da rashin sani, Ya sa mu yi Sallah ba da nauyin kowa a wuyanmu ba. Amin.