Wa Ya Biya Kuɗin Shawarar?

A shekarar 1955 wani Bature mai kiwon kaji, Antony Fisher, ya kafa cibiyar nazarin tattalin arziki ta IEA a Landan. Aƙidarta ita ce gwamnati ta janye hannu, a bar kasuwa ta yi halinta. Daga wannan rijiya Margaret Thatcher ta sha, haka ma Liz Truss, wadda shirinta na zabge haraji a Satumban 2022 ya karya darajar fam, ta bar mulki bayan kwana 49.

Cibiyar ba ta bayyana masu ba ta kuɗi. Amma kamfanin taba na British American Tobacco ya amsa cewa yana cikinsu, ita kuma ta yi ta sukar dokar sayar da sigari a kwali marar ado.

Masu kare ta suna cewa a auna hujja, a daina leƙen aljihu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin biyu da biyu huɗu ne ko a bakin ɗan amshin Shata. Sai dai mai sauraron rediyo ba shi da sukunin bin lissafi, amana kawai yake ba "masani". Kuma ba lallai kuɗi su sa mutum ƙarya ba. Sukan dai zaɓa masa abin da zai tono da abin da zai kau da kai.

A ganina maroƙi ya fi su riƙon amana. Da ƙarfi yake ambaton ubangidansa, kowa a wurin ya ga hannun da ya yi masa liƙi.