Kukan Tumaki a Gilgal

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata tambaya da mu kan ji a bakin masu-bi da yawa. Su kan ce, "Muna zuwa sujada, muna ba da baiko, muna addu'a safe da yamma, amma sai ka ce Allah ya yi mana nisa. Ina dalili?" Wani lokaci Allah yana gwada haƙurin bayinsa ne, kamar yadda ya yi da Ayuba. Amma akwai wani dalili wanda ba mu so a taɓa shi, shi ne rashin biyayya. Bari mu buɗe 1 Samuila sura 15, mu gani.

Allah ya aiki sarki Shawulu ya yaƙi Amalekawa, ya kuwa umurce shi kada ya rage kome, ko dabba ɗaya. Shawulu ya tafi, ya ci nasara. Amma ya bar Agag sarkinsu da rai, ya zaɓi tumaki da shanu masu ƙiba ya ajiye, ya hallaka ramammu da marasa amfani. Har ya kafa wa kansa abin tunawa a Karmel. Da annabi Samuila ya iske shi a Gilgal, Shawulu ya tarye shi da fara'a, ya ce ya cika umurnin Ubangiji. Yana cikin magana, tumaki suna ta kuka a bayansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu lura da hujjar da ya kawo. Ya ce jama'a ne suka rage dabbobin domin a yi wa Allah hadaya da su. Ashe ya ɗauki rashin biyayyarsa ya sa mata rigar ibada. Samuila ya nuna masa a fili, Allah ya fi son mutum ya ji maganarsa ya aikata bisa ga ya ƙona masa kitsen raguna. Daga baya Shawulu ya faɗi gaskiya: tsoron mutane ya ji. Duk da haka abin da ya dame shi shi ne Samuila ya girmama shi a gaban dattawa.

Ina ƙarshen wannan? A sura 28 Filistiyawa sun taru domin yaƙi. Shawulu ya nemi Allah, amma ba amsa, ko ta mafarki, ko ta Urim, ko ta annabawa. Sai ya ɓad da kama, ya tafi Endor da dare wurin mace mai kiran matattu, irin mutanen da shi da kansa ya kora daga ƙasar. Ba a jima ba ya mutu a kan dutsen Gilboa. Wanda ya ƙi jin Allah sa'ad da ya ke magana, ya zo ya nemi muryarsa ya rasa.

Yanzu mu dubi Ibrahim. Yana da shekara 75 Allah ya kira shi daga Haran, ya tashi bai san inda za shi ba. Ya jira shekara 25 kafin a haifi Ishaku. Shi ma ya yi tuntuɓe a hanya, amma kunnensa yana wajen Allah. Me ya samu? A Farawa sura 18 Allah bai ɓoye masa abin da za ya yi wa Saduma ba. Ibrahim ya tsaya yana roƙo, daga adalai 50 har ya sauko zuwa 10, Allah kuwa yana amsa masa kamar mutum da amininsa. Domin haka Yaƙub 2:23 ya kira shi abokin Allah.

Ubangiji Yesu ya buɗe mana wannan ƙofa. A Yohanna 15:14-15 ya ɗaura abuta da biyayya da igiya ɗaya. Bara ya kan yi aiki, bai san abin da ke zuciyar maigidansa ba, amma aboki ana gaya masa asiri. Kada wani ya ce da biyayya mu ke sayen ceto. Jinin Yesu kaɗai ya biya wannan. Amma ɗan da ya saɓa wa ubansa, ko da ya ke ɗa ne har yanzu, ya kan guji zama kusa da shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Haka ta ke tsakaninmu da Allah: sai mun taka inda ya ce mu taka.

To, waɗanne tumaki ne su ke kuka a bayanmu? Wani ya ƙone kayan tsafi duka ran da aka yi masa baftisma, amma ya rage laya guda a cikin rufin ɗaki, wai saboda yara. Wata tana waƙa a zumuntar mata, amma mudun da ta ke saye da shi dabam, wanda ta ke sayarwa da shi dabam. Wani dattijo ya kawo dami biyar na dawa ran godiyar kaka, ga shi shekara uku ba ya gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona. Matta 5:23-24 ya koya mana a bar baiko tukuna, a je a shirya da ɗan'uwa. Jama'a suna ganin damin, Allah kuwa yana jin kukan tumakin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba sai an gaya maka naka ba. Ruhu Mai-Tsarki ya riga ya nuna maka shi, watakila tun kana karanta wannan. Kada ka rufe shi da ƙarin baiko ko doguwar addu'a. Ka furta shi ga Allah, gama 1 Yohanna 1:9 ya tabbatar mana da gafara ga mai-furta zunubinsa. Sa'an nan ka tashi ka gyara kafin Lahadi mai zuwa. Ka fid da layar, ka daidaita mudun, ka je gidan ƙanenka. Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar yi, domin mu zama abokansa. Amin.